Gaston Leroux: Lauyan da Ya Koma Bencin 'Yan Jarida

Tambaya: Wata ɗaliba mai karatun shari'a ta rubuto cewa ta kalli fim ɗin nan na fatalwar gidan opera (babban gidan wasan kwaikwayo na waƙa) na birnin Paris, sai aka gaya mata cewa wanda ya rubuta ainihin littafin wani lauya ne Bafaranshe. Tana so ta san ko hakan gaskiya ne, me ya raba shi da aikin lauya, ko karatun shari'a ya bar wata alama a cikin littattafansa, da kuma littafin da ya kamata ta fara da shi.

Amsa: Malama, abin da aka gaya miki gaskiya ne, amma da saura. Gaston Leroux ya karanci shari'a, an rantsar da shi lauya a Paris, ya kuma sa baƙar riga na tsawon shekara uku. Sai dai babu wata shari'a da ake tunawa da shi a kanta a matsayin lauya. Abin da kotu ta koya masa ya same shi ne bayan da ya tashi daga kujerar lauyoyi ya koma bencin 'yan jarida a cikin zauren kotun, inda ya shafe shekaru yana kallon yadda ake tara hujja a kan mutum har ta kai shi ga halaka. Daga nan ya fito da abin da yake maimaitawa a manyan littattafansa, wato takardun shari'a suna iya cika, shaidu su yi daidai da juna, alƙali ya gamsu, amma wanda ke tsaye a gaban kotu ba shi ne mai laifin ba.

An haife shi a Paris ranar 6 ga Mayu, 1868, amma ya tashi a yankin Normandi da ke bakin teku a arewacin Faransa, ya yi makarantar kwana a garin Eu. Ya dawo Paris karatun shari'a, ya kammala a 1889. A wannan shekarar mahaifinsa ya rasu ya bar masa gado mai yawa, wanda masu tarihinsa suke cewa ya kusa faran miliyan ɗaya, dukiyar da za ta iya riƙe mutum tsawon rayuwarsa a wancan zamani. Leroux ya bi ta kanta da caca da shagali cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Ina ambaton wannan ne domin yana da nasaba da tambayarki: da gadon ya daɗe a hannunsa, da wuya ya nemi aikin jarida, kuma son cacar bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, abin da ya sa ya yi ta rubutu ba hutu domin biyan buƙata. Ya shiga aikin lauya a 1890, ya bar shi a 1893.

Kafin ki fahimci abin da ya gani a kotu, sai kin san irin tsarin da ya yi aiki a cikinsa, domin ya bambanta da wanda Najeriya ta gada daga Ingila. A tsarin Ingila lauyoyin ɓangare biyu ne ke fafatawa a gaban alƙali, kowa ya kawo shaidunsa, ɗayan ya yi musu tambayoyin ƙure. A Faransa kuwa babban laifi yakan fara shiga hannun wani alƙali na musamman, alƙali mai bincike, wanda Faransawa ke kira juge d'instruction. Shi ke zuwa inda aka yi laifin, shi ke yi wa wanda ake zargi da shaidu tambayoyi a ofishinsa, magatakarda yana rubutawa, shi ne kuma yake haɗa fayil ɗin da za a kai babbar kotun laifuffuka, inda a wancan lokaci mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari suke yanke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Masu karatu a Jamhuriyar Nijar sun san wannan alƙali, domin ƙasarsu ta gaji tsarin Faransa. Abin lura shi ne, a shekarun da Leroux ya yi yana lauya, doka ba ta ba lauya damar zama tare da wanda yake karewa a lokacin waɗannan tambayoyi ba. Sai a Disamban 1897 aka yi dokar da ta buɗe masa ƙofar ofishin. Ke nan matashin lauya irinsa yakan tarar an riga an gama ginin, fayil ya yi kauri, abin da ya rage masa kawai shi ne ya miƙe ranar shari'a ya yi magana mai daɗi ko Allah zai sa zukata su yi laushi. Mutum mai son bin diddigi da ƙafarsa ba zai daɗe a irin wannan kujera ba.

Tun yana lauya yake rubuta labaran kotu yana kai wa jaridu domin ya ƙara abin masarufi. Abin da ya sauya masa hanya shi ne shari'ar Auguste Vaillant, mutumin da ya jefa bam a zauren majalisar dokokin Faransa ranar 9 ga Disamba, 1893. Bam ɗin ya jikkata mutane amma bai kashe kowa ba, duk da haka aka yanke masa hukuncin kisa, aka fille masa kai a Fabrairun 1894. Rahoton da Leroux ya rubuta a kan wannan shari'a ya ja hankalin Maurice Bunau-Varilla na jaridar Le Matin, ɗaya daga cikin manyan jaridun Paris, aka ɗauke shi wakilin kotu. Ya bi shari'o'in masu tayar da bam na waɗannan shekaru, ya halarci zartar da hukuncin kisa da idonsa, ya fito daga wannan yana mai adawa da shi. A 1899 ya je garin Rennes inda aka sake yi wa Kyaftin Alfred Dreyfus shari'a, hafsan soja Bayahude da aka ɗaure bisa zargin sayar wa Jamus asirin ƙasa, aka kai shi wani tsibiri a gaɓar Guyana ta Faransa. A lokacin an riga an gano cewa akwai takardar jabu a cikin hujjojin da aka tara a kansa, amma kotun soja ta sake kama shi da laifi. Shugaban ƙasa ya yi masa afuwa bayan kwana goma, ba a kuwa wanke shi sarai ba sai a 1906. Duk wanda ya zauna a wannan zaure na tsawon makonni biyar ya ga yadda hukuma take kare fayil ɗinta ko da ta san ruɓaɓɓe ne.

Daga baya jaridar ta mai da shi wakili mai yawo ƙasashe. Ya je Maroko, ya je Italiya, ya kuma zauna a Rasha lokacin boren 1905. A 1907 ya raba gari da aikin jarida ya koma rubuta ƙagaggun labarai, yana da shekara talatin da tara. Ba wannan ne farkon gwajinsa ba, domin tun 1903 Le Matin ta buga masa wani labari a kan wani bawan Allah mai sanyin hali da ya gano cewa ruhin Cartouche, shahararren ɗan fashin Paris na ƙarni na 18, yana cikin jikinsa. A farkon 1907 ɗin ma an nuna wasan kwaikwayonsa mai suna La Maison des juges, wato gidan alƙalai, a dandalin Odéon. Sunan kaɗai ya ishe ki ki gane inda hankalinsa yake.

Akwai abu ɗaya game da yadda ake buga labarai a lokacin da ya kamata ki riƙe. Kusan dukan littattafansa sun fara fitowa ne kashi-kashi a jarida ko mujalla kafin a haɗa su littafi, kamar dai yadda marubutanmu na yanzu suke sakin labari shafi-shafi a waya, masu karatu suna jiran na gobe. Marubucin da ke cin abinci ta wannan hanya dole ya yanke kowane kashi a inda zai hana mai karatu barci. Wannan ne tushen ƙarfin Leroux, shi ne kuma tushen yawancin aibinsa.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne Le Mystère de la chambre jaune, wato sirrin ɗaki mai ruwan ɗorawa, wanda mujallar L'Illustration ta buga daga Satumba zuwa Nuwamban 1907, ya fito a littafi a 1908. A nan zan daɗe, domin nan ne amsar tambayarki ta uku take. Wata mata mai suna Mathilde Stangerson tana taya mahaifinta, wani shehin malamin kimiyya, aiki a wani keɓaɓɓen gini a harabar gidansu da ke wajen Paris. Da tsakar dare ta shiga ɗakin kwananta wanda ke manne da ɗakin gwaje-gwajen, ta kulle da makulli, ta sa sakata. Mahaifin da wani tsohon bara suna nan zaune dab da ƙofar. Bayan rabin sa'a sai suka ji ihu da ƙarar bindiga da faɗuwar kaya. Da suka ɓalle ƙofar suka tarar da ita a ƙasa jina-jina, da rauni a gefen kai da shaidar yatsu a wuya, ga sawun hannu na jini a bango, ga wata tsohuwar hula da hankici da ƙashin rago da ake zaton da shi aka buge ta. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana da ƙarafa, an kuma rufe ta ta ciki. Babu bututun hayaƙi, babu ɓoyayyiyar ƙofa, babu kowa a ƙarƙashin gado. Kafin Leroux, Edgar Allan Poe a 1841 da Conan Doyle a 1892 sun rubuta labaran kisa a rufaffen ɗaki, amma kowannensu ya bar wata 'yar kafa da dabba za ta iya bi. Leroux ya toshe kowace kafa da gangan, har ya zana taswirar ginin a cikin littafin domin mai karatu ya duba da kansa.

Ki lura da waɗanda ya tara a kan wannan matsala. Akwai alƙali mai bincike, Malam de Marquet, wanda a ɓoye marubucin wasan kwaikwayo ne, kuma abin ya burge shi har ba ya ɗokin a warware shi. Wannan zolaya ce daga wanda ya san ofisoshin nan ciki da bai. Akwai Frédéric Larsan, gwanin 'yan sandan ciki, wanda yake tattara hujja ɗaya bayan ɗaya har suka taru a kan Robert Darzac, mutumin da zai auri Mathilde. Sannan akwai yaro ɗan shekara goma sha takwas, ɗan jarida, Joseph Rouletabille, wanda abokan aiki suka laƙaba wa wannan suna saboda kansa kewayayye ne kamar ƙwallo. Mai ba da labarin kuwa abokinsa ne Sainclair, lauya mai rubuta wa wata jarida labaran kotu, wanda kullum yana biye da yaron yana mamaki, ba ya gane komai sai an yi masa bayani. A ganina Leroux ya raba kansa gida biyu ne a nan: lauyan da ya kasance ya ba shi aikin riƙe alƙalami da shaida, ɗan jaridar da ya zama ya ba shi basira. Ba sai an tambaye shi wanne ya fi so ba.

Siffar littafin ma ta fayil ce. Za ki ga yankin labarin jarida, ki ga tambaya da amsa kamar yadda aka yi su a gaban alƙali, ki ga wani babi da aka ɗauko daga rubutun magatakardan kotu, ki ga shafuka daga littafin aljihun Rouletabille. An ba ki duk abin da aka ba alƙali. Bambancin yana wajen yadda ake karanta su. Mu mukan ce gani ya kori ji, amma Rouletabille bai yarda da gani ba ma. A wajensa sawun ƙafa da tabon jini da hular da aka yar abubuwa ne da kowa zai iya ajiyewa domin a gani, saboda haka yakan fara da abin da hankali ya tabbatar ba zai yiwu ya zama akasinsa ba, ya zana da'ira da shi, sannan ya karɓi hujjar da ta shiga da'irar kawai. Yana kiran wannan kama hankali ta gefen da ya dace, mu kuwa sai mu ce kama bakin zaren. Yana zargin Larsan da cewa ya fara zaɓen mai laifi sannan yake neman hujjar da za ta dace da shi, wanda shi ne ainihin abin da aka yi wa Dreyfus.

Idan ba kya so a ɓata miki labarin, ki tsallake sakin layi uku masu zuwa, domin ba zan iya nuna miki abin da nake nufi ba sai na fasa ƙwan.

Ba a fita daga ɗakin ba domin babu wanda ya shiga a daren. An kai wa Mathilde hari ne tun da yamma, lokacin da ta koma ginin ita kaɗai, ta harbi maharin a hannu, ya dafa bango ya gudu. Ta ɓoye abin, ta rufe wuyanta, ta ci gaba da aiki tare da mahaifinta kamar ba abin da ya faru. Da dare ta yi mugun mafarkin harin, ta zabura, ta ture teburin gefen gado, kanta ya bugi kusurwar marmararsa, bindiga ta tashi. Shaidu sun ce sun ji harbi biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya marar ƙarfi, alhali marar ƙarfin faɗuwar tebur ce. Abin da ya tabbatar wa yaron haka silin gashi ne guda mai jini da ya tsinta a kusurwar teburin. Shaidun ba su yi ƙarya a kan abin da kunnensu ya ji ba. Kuskuren alƙali shi ne ya ɗauka cewa duk abin da aka tarar a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya ya faru, kuma ina ganin ɗalibar shari'a za ta amfana da wannan fiye da kowa.

Akwai wani babi da nakan yi amfani da shi a aji. Maharin ya sake shigowa babban gidan, Rouletabille ya tsayar da mutum a kowane bakin doguwar baranda mai rassa uku, ya koro shi, duk suka rugo suka yi karo a mahaɗar, ba kowa a tsakaninsu. Wata shekara na zana barandar da alli a daɓen aji, na tsayar da ɗalibai huɗu a inda littafin ya ce, na sa na biyar ya zama ɓarawo. Sau uku suna gwadawa suna cafke shi. Can sai wata yarinya da ke zaune a baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a cire na biyar ɗin a sake gwadawa da huɗu. Ajin ya yi tsit, sannan aka fashe da sowa. Ta gano abin da Rouletabille ya gano: wanda ake kora yana cikin masu korar. Larsan ne, ya sha kwana, ya cire gemun ƙarya, ya juyo ya yi karo da su a matsayin ɗan sanda. Sandar da yake yawo da ita tun farkon littafin ta ɓoye raunin tafin hannunsa ce. Shi tsohon ɗan damfara ne mai suna Ballmeyer, wanda ya auri Mathilde a asirce a Amurka da wani suna tun tana yarinya, kuma wannan sirri ne ya rufe bakinta, ya rufe na Darzac har ya gwammace a ɗaure shi.

Ƙarshen ya faru a kotun Versailles, ana tsakiyar shari'ar Darzac. Rouletabille ya dawo daga Amurka ya kutsa cikin zauren ya ce ya san mai laifi, amma ba zai faɗi sunansa ba sai ƙarfe shida da rabi. Da lokacin ya yi ya ambaci Larsan, aka nema aka rasa, sai yaron ya shaida wa kotu cewa shi ya ba shi wannan tazara ya gudu, domin aikinsa bayyana gaskiya ne, ba kai wa mai fille kai mutane ba. Ta fuskar doka wannan laifi ne, kuma ke kin fi ni sanin sunansa. Leroux ya sani sarai, ya kuma bar jaruminsa ya fita ana tafa masa. Littafi na biyu, Le Parfum de la dame en noir na 1908, wato ƙanshin matar nan mai baƙaƙen kaya, ya bayyana cewa Rouletabille ɗan Mathilde ne da Larsan, ashe mahaifinsa ya bari ya tsere. Wannan na biyun ya fi na farko taɓa zuciya, amma bai kai shi tsari ba.

Masana wannan fanni sun daɗe suna girmama littafin. John Dickson Carr, wanda ake ɗauka sarkin labaran rufaffen ɗaki, ya sa jaruminsa ya yabe shi a wani littafinsa na 1935 a matsayin wanda ya fi kowane labarin bincike, Agatha Christie ma ta sa jaruminta Poirot ya yabe shi a 1963.

Sai wanda ya kawo ki, Le Fantôme de l'Opéra, wato fatalwar gidan opera, wanda jaridar Le Gaulois ta buga daga Satumban 1909 zuwa Janairun 1910. Wanda ya san shi ta fim ko ta wasan waƙe na Andrew Lloyd Webber, da aka fara a Landan a 1986, zai yi mamakin yadda littafin ya fara, domin ba da soyayya ya fara ba. Ya fara ne da mai bincike yana rantsuwa cewa fatalwar ta wanzu da jini da tsoka, yana lissafa inda ya samo hujja: ma'ajiyar takardun gidan opera, littafin tarihin rayuwar ɗaya daga cikin shugabannin gidan, hira da alƙalin da ya binciki lamarin shekara talatin baya, da takardun wani mutumin Farisa wanda ya san komai, ya je ya faɗa wa alƙalin, alƙalin ya ɗauke shi mahaukaci. Wato littafin sake buɗe shari'ar da aka rufe bisa kuskure ne. An tsinci gawar wani mai sarauta a bakin tafkin ƙarƙashin ginin, ƙanensa Raoul da mawaƙiya Christine Daaé sun ɓace, hukuma ta ce rikicin 'yan'uwa ne a kan mace, ta naɗe tabarma.

Dabararsa a nan ita ce cakuɗa gaskiya da ƙage har a kasa rabewa. Ginin na gaske ne, Charles Garnier ya tsara shi, aka buɗe a 1875, kuma da gaske akwai babbar matattarar ruwa a ƙarƙashinsa, wadda aka gina saboda ruwan da ya yi ta ɓuɓɓugowa lokacin haƙa harsashi. A Mayun 1896 wani ƙarfe daga cikin masu daidaita nauyin katafariyar fitilar zauren ya faɗo ya kashe wata mata. A littafin fitilar ce gaba ɗaya ta faɗo. A Disamban 1907 an binne faya-fayan garmaho na manyan mawaƙa a ƙarƙashin ginin domin a buɗe bayan shekara ɗari. Leroux ya ce a wajen wannan haƙa ne aka ci karo da ƙwarangwal ɗin fatalwar. Har yau akwai masu zuwa Paris suna neman ɗakin kallo mai lamba biyar, wanda fatalwar ta ce a bar mata tare da faran dubu ashirin kowane wata, sharuɗɗan da ta rubuta da jan tawada a cikin kundin ƙa'idojin gidan kamar wani sashe na yarjejeniya. Fatalwar da ke kafa hujja da sashe na kwangila, ai sai lauya.

Erik, wanda shi ne fatalwar, mai kisa ne, kuma littafin bai ɓoye wannan ba kamar yadda wasan waƙen ya sassauta shi. Amma shafukan ƙarshe roƙon sassauci ne irin wanda lauya ke yi bayan an riga an kama wanda yake karewa da laifi: an haife shi da fuskar da mahaifiyarsa ma ta kasa kallo, ita ce ta yi masa kyautar abin rufe fuskarsa na farko, an yi yawo da shi kasuwa-kasuwa ana nuna shi, sarakuna sun yi amfani da basirarsa sannan suka nemi kashe shi, abin da yake nema kuwa bai wuce ya zauna a gida kamar kowa ya fita da matarsa ran Lahadi ba. Mai ba da labarin bai ce a sake shi ba, ya ce a tausaya masa.

A 1913 ya koma kan wannan jigo kai tsaye da Chéri-Bibi, yaron mahauci da aka ɗaure kan kisan da ba shi ya ƙulla ba, aka tura shi gidan yarin Guyana, can inda aka kai Dreyfus. Zaluncin ya mai da shi mai laifi na gaske, kalmar da ke bakinsa kullum kuwa ita ce Fatalitas, wato ƙaddara. Ya ƙwace jirgin ruwan fursunoni, ya sa wani likita ya ɗinka masa fuskar wani mai sarauta domin ya zauna da matar da yake so, sai daga baya ya gano cewa mai fuskar shi ne ainihin wanda ya yi kisan. Labarin ya wuce hankali, amma gidan yarin na gaske ne, kuma shekara goma bayan haka ɗan jarida Albert Londres ya je ya fallasa abin da ake yi a can.

Kada yabon ya yi yawa. Leroux ya rubuta littattafai masu yawa, kusan kowace shekara, kuma da dama daga cikinsu an yi su ne cikin gaggawa domin jarida na jira. Yana cika alamar motsin rai, yana jingina labari a kan haɗuwar da ba ta yiwuwa sai a takarda, labaran Rouletabille na lokacin yaƙin duniya na farko kuwa farfaganda ta yi musu yawa. Yadda yake siffanta mutanen Gabas da na ƙasashen da Faransa ta mallaka irin na Bafaranshen zamaninsa ne, cike da raini da ƙage, kuma mai karatu daga nahiyarmu zai ji shi a jikinsa. Mutumin da ya iya ganin zalunci a kotun Paris bai gan shi a mulkin mallaka da irin wannan ido ba.

Ya koma birnin Nice da zama, inda a ƙarshen yaƙin ya shiga harkar fim tare da marubuci Arthur Bernède da ɗan wasa René Navarre, suka kafa kamfanin da ke fitar da labari a jarida da majigi a lokaci guda. Ya rayu har fim ɗin Amurka na 1925 ya fito, wanda Lon Chaney ya fito a matsayin Erik, fim ɗin da ya yaɗa sunan littafin a duniya. Ya rasu a Nice ranar 15 ga Afrilu, 1927, yana da shekara hamsin da takwas.

Game da inda za ki fara, ki fara da ɗaki mai ruwan ɗorawa ko da kin karanta abin da na fasa a sama, domin karatu na biyu ya fi na farko amfani: ki riƙe takarda da fensir, duk inda Larsan ya yi magana ki rubuta abin da ya faɗa da abin da ya sa aka yarda da shi. Daga nan ki wuce zuwa fatalwar. Idan kina jin Faransanci, asalin littattafan suna nan kyauta a intanet, a shafin Gallica na ɗakin karatu na ƙasar Faransa, domin haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Idan kuwa da Turanci za ki karanta fatalwar, ki duba shekarar fassarar kafin ki saya, domin ta 1911, wadda ta fi yawo saboda ita ma kyauta ce, an yanke mata sassa da dama, har da babi guda cur. Ki nemi ɗaya daga cikin sababbin fassarorin da aka rubuta a bangonsu cewa cikakku ne.